Asusun Firiskila

Ranar da ta cika shekara tara
na sayo mata asusu wajen masu tukwane,
jan yumɓu, bakinsa tsaga guda
kamar idon mai gyangyaɗi.
Na ce, "Firiskila, kuɗi baƙo ne.
In ba ki ba shi wurin kwana ba,
gidan mai alewa zai sauka."

Duk Asabar dala ashirin,
ladan tsince ƙyallaye a ƙarƙashin kekena
da zura mini zare, don idona ya soma gardama da allura.
"Biyu na Ubangiji ne," na ce,
"ki ware su tun hannu bai saba da ɗuminsu ba."

Lahadi in an tashi sujada
kasuwar Tawa ta cika har ta tumbatsa.
Cuku fari a kan tabarma, dabino, rake,
ita kuwa ta dunƙule hannu ta wuce
kamar mai ɗauke da ƙwai.
Ƙanenta Nata ba ya kai ƙofar gida da ko dala,
sai jan baki da ɗanƙon yatsu.

Na yi ta yabonta,
har ran da Nata ya roƙi kuɗin alli
ta ce masa asusu ba ya amai.
Damaris ta dube ni ta kan tukunya:
"Malam Barnaba, tattali da rowa maƙwabta ne,
katangar da ke tsakaninsu kuwa gajeruwa ce.
Ka koya mata rufe hannu.
Wa zai koya mata buɗewa?"

Damina ta zo, ɗinki ya ɗauke.
Igiyar keke ta tsinke, kuɗin wuta na jira.
Da dare, kowa na barci,
na kifa asusun, na sa tsinken tsintsiya,
ni dattijon majami'a,
ina zaro kuɗin ɗiyata ɗaya bayan ɗaya
ina cewa aro ne.

Da safe ta ɗaga shi, ta girgiza a kunne.
Ba ta ce komai ba.
Da yamma na gani a bayan kayenta na lissafi,
da rubutun nan nata mai karkata:
Baba, dala ɗari uku.
Tuwon ranar bai wuce mini maƙogwaro ba.

Sai jikan Inna Hajo ya kwanta,
tsohuwar da ke bayan katangarmu,
wadda ba ta taɓa yin Sallah ba ta aiko mana nama ba.
Aka ce sai Galmi.
Muka ji ta tana ƙirga kuɗin mota a zaure,
ta ƙirga, ta sake, bai kai ba.

Ban yi wa kowa wa'azi ba, da wane baki?
Ƙara kawai na ji a tsakar gida:
taɓarya, da yumɓu a warwatse,
kuɗi na birgima har gindin dalbejiya,
Nata na bin su da rarrafe.
Ta tattara a gefen zane, ta tsaya gabana.
"Baba, wancan da ke wurinka,
kada ka maido mini.
Inna za ka kai wa."

Na je na ba da almakashina jingina.
Nata ya lalubo dala biyar daga aljihu,
da alewa manne a jikinta,
ya ɗora a kai, yana kallon wani wuri.

Da motar ta tashi
na zauna ina tsince fasassun yumɓun.
Damaris ta ce in zubar.
Na ajiye guda, mai tsagar nan,
a akwatin keke, tare da allurai.
Sabon asusu sai Lahadi.
Na sa a yi mini biyu.